Duwatsun Assuriya da Masu Zana Su

Sarakunan Assuriya suna da al'adar rufe bangon fadarsu da manyan allunan dutse, a sassaƙa musu yaƙe-yaƙensu da farautarsu a kai. A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu aka ci Nineba da yaƙi, aka cinna wa fadodin wuta, ƙasa ta rufe su fiye da shekara 2,400.

A 1843 wani Bafaranshe mai suna Botta ya fara tono a Korsabad, kusa da Mosul a ƙasar Iraki ta yanzu, ya tarar da fadar sarki Sargon. Murnarsa ba ta daɗe ba. Dutsen yana da taushi, ruwa yana cinsa, wanda wuta ta taɓa kuwa da zarar ya sha iska sai ya fara marmashewa. Saboda haka gwamnatin Faransa ta aiko da mai zane, Flandin, a 1844. Ya bi bango bango yana zana abin da ya gani a takarda. Yawancin allunan nan sun lalace, zanensa ne ya rage.

Wani Bature daga Ingila, Layard, ya yi tono a Nimrud daga 1845, daga baya ya koma Nineba, ya buɗe fadar Sennakerib. Shi ma yakan zana da hannunsa. A wani ɗaki ya sami allunan da suka nuna yadda aka kewaye Lakish da yaƙi a 701, yaƙin da 2 Sarakuna sura 18 ta ambata. Ga sojoji suna hawan garu, ga mutanen Yahuza ana kora su da mata da yara. Allunan suna gidan tarihi na Birtaniya a London.

Ɗauke dutse zuwa Turai bai zama tsira kullum ba. A 1855 Faransawa suka ɗora akwatuna sama da 200 a kan jirgin ruwa da gadajen salka, suka bi Kogin Taigiris. Aka kai musu hari a hanya, mafi yawan kayan suka nutse kusa da Kurna. Har yau ba a tsamo su ba.

Waɗanda aka bari a wurinsu ma ba su huta ba. A 2015 mayaƙan ISIS suka farfasa allunan fadar Nimrud, suka tarwatsa ginin da nakiya. Masanan da suka shiga tattara gutsattsarin sun dogara ga tsofaffin zane da hotuna domin su san inda kowane guntu yake.

A 2022 aka sake samun alluna 8 na zamanin Sennakerib a Ƙofar Mashki ta Nineba. Aka ɗauki hotonsu, aka auna su, aka rubuta kome tun suna wurin. Wuta da ruwa da yaƙi sun koya wa masu wannan aiki cewa abin da ba a zana ba, ba a kuma rubuta ba, ran da dutsen ya tafi ya tafi ke nan.