Saiwar Ɓera Ta Shiga Aji: Tarihin Koyar da Ilimin Tsirrai na Cree a Kanada

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu arewacin lardin Saskatchewan a ƙasar Kanada, wurin al'ummar Cree, ɗaya daga cikin manyan ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar.

Duk wanda ya taɓa jin sunan birnin Saskatoon ya ji kalmar Cree ko bai sani ba. Sunan ya fito ne daga wani ɗan itace da suke busarwa su haɗa da kitse da busasshen nama, su yi guzurin da suke kira pimîhkân. Da wannan guzuri fataken Turawa masu cinikin fatu suka riƙa ratsa ƙasar. Wato tun farko baƙon ya rayu da sanin ɗan gida. Amma da baƙon ya zauna da gindinsa, sai ya ce sanin nan ba ilimi ba ne.

A 1876 gwamnati ta kafa dokar da ta ɗaure rayuwar 'yan asalin ƙasar, a 1895 aka ƙara mata sashen da ya haramta wasu bukukuwansu, ba a janye haramcin ba sai 1951. Mafi muni su ne makarantun kwana da gwamnati ta ɗauki nauyi coci-coci suka gudanar. Yara kimanin 150,000 suka bi ta cikinsu, ana hukunta su idan suka yi harshen iyayensu. A garin Beauval, gobara ta tashi a irin wannan makaranta a 1927, yara maza 19 suka mutu. Ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke riƙe da ita an rufe ta ne a 1996, a Saskatchewan ɗin nan.

Ku duba abin da hakan ke yi wa ilimin tsirrai. Ba ilimi ne na littafi ba. Yarinya tana koyonsa ne tana biye da kakarta a fadama: wane wata ake tonon saiwa, wane ɓangare ake ɗauka, nawa ake bari don baɗi. Idan aka raba ta da kakar shekara goma, aka kuma cire mata harshen da sunayen ke ciki, ba sai an ƙona ko takarda ɗaya ba.

Abin da ya tsira ya tsira ne a bakin tsofaffi. A 1985 Anna Leighton ta wallafa bincike kan yadda Cree na gabashin tsakiyar lardin ke amfani da tsirran daji. Aiki ne mai kyau, sai dai masana suka fi karanta shi. (Mu ma muna da irinsa: Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, amma marubucinmu har yau “wata bishiya” yake rubutawa, ba marke ba, ba kanya ba.)

Sauyin da ya fi jan hankalina ya zo ne a shekarar 2000. Glen Aikenhead na Jami'ar Saskatchewan ya haɗu da malaman makarantun arewa da dattawan garuruwansu, suka fitar da darussa shida a ƙarƙashin sunan Rekindling Traditions, wato sake hura wutar al'adu. Akwai na shinkafar daji, na tarko, na taurari. Na tsirran gida, mai suna Nature's Hidden Gifts, a Beauval aka tsara shi, garin gobarar nan.

Tsarin shi ne a fara da sanin gida. Dattijo ya fita da ɗalibai, a ajiye taba a wurin kafin a tsinki komai, domin a wurinsu ba a ɗauka ba tare da an bayar ba. Bayan nan a dawo aji a ga yadda kimiyyar Turai ke rarraba tsiron da sinadaran da ke cikinsa. Aikenhead yana ganin yaro na ƙetare iyaka ne duk lokacin da ya shiga ajin kimiyya, don haka aikin malami ya faɗa masa a fili a wane ɓangare ake magana yanzu, kada a cakuɗa masa biyun har ya ɗauka na gidansu kuskure ne da ake gyarawa.

A nan gardamar take. Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya ce: kakanninku suna jiƙa ɓawon itacen willow don ciwo, kimiyya kuma ta gano sinadarin salisin a cikinsa a 1828, daga wannan layi kamfanin Bayer ya samar da asfirin a 1897, ashe sun yi daidai. Jimlar tana da daɗi, amma a ganina tarko ce. Ta mayar da ɗakin gwaji alƙali, dattijo kuma mai jiran hukunci. Duk abin da na'ura ba ta auna ba, kamar tabar da aka ajiye ko dokar barin rabo a ƙasa, sai ya zama kwalliya. Alhali wannan dokar ce ta sa tsiron yake nan har aka zo auna shi.

Ban kuma yarda da masu cewa kimiyya ba ta da abin ƙarawa ba. Ɗauki wîhkês, saiwar fadama mai ɗaci da Cree ke taunawa don mura da ciwon maƙogwaro, wadda ake kira saiwar ɓera. A 1968 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa irin wannan tsiro a abinci, saboda wani sinadari da ya jawo ciwon daji a dabbobin gwaji. Daga baya bincike ya nuna jinsin da ke tsirowa a Arewacin Amurka ba ya ɗauke da sinadarin, na Asiya ne ke cike da shi. A ido kusan ɗaya suke. Ɗalibar da kakarta ta nuna mata inda ake tono, malaminta kuma ya nuna mata wannan bambanci, ita ce za ta tsaya ta tambayi mai shago daga ina busasshiyar saiwar da ke cikin leda ta fito.