PZ: Kantin da Ya Bar wa Zariya Sunansa

Wani ɗalibi da ke bibiyar wannan fili daga Samaru ya aiko da tambaya mai kai biyu. Ya ce tun ranar da ya sauka Zariya yake jin kwandastoci da 'yan Keke suna kiran PZ. Can yake zuwa banki, can yake kai gyaran waya, amma har yau bai sami wanda ya faɗa masa ko PZ ɗin nan mutum ne ko wuri ba. Sannan ya ce gardama ta kaure a ɗakin kwanansu: wasu na cewa Turawan kanti ne suka buɗe wa Arewa ido a harkar kasuwanci, wasu kuma na cewa ƙwacen kasuwa kawai suka yi. Amsar ta farko gajeriya ce. Ta biyun ce ta cancanci a zauna a kanta.

PZ mutum biyu ne, kuma dukansu George ake kiransu. George Paterson ɗan Sikotilan ne, George Zochonis kuma ɗan Girka. Sun haɗu a Firitawun ta Saliyo suna yi wa wani kamfanin Ingila mai suna Fisher and Randall aiki. A 1879 suka ajiye aikin albashi suka buɗe nasu kantin, a 1884 suka yi masa rajista a Ingila da sunan Paterson Zochonis. Daga baya suka mayar da babban ofishinsu Manchester, birnin masaƙu. Sana'ar ba ta da wani sirri: su sayi manja, kwarar manja, fata da ƙirgi su tura Turai, jirgin ya dawo musu da yadi da tarkacen gida. A 1899 suka buɗe reshe a Legas. Lokacin da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, suna cikin kamfanonin da suka biyo shi Arewa, tare da Kamfanin Neja, John Holt, G.B. Ollivant da kamfanin Faransa CFAO.

Duk wanda ya san Zariya zai gane dalilin da ya sa unguwar ta zauna inda take. Birni na cikin ganuwarsa, Tudun Wada na gefe, an yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da akawuna da suka zo daga Kudu, sai kuma aka ware wa kamfanoni filaye dab da tasha domin kaya su sauka daga tarago su shiga sito ba tare da doguwar tafiya ba. Zariya kuwa mahaɗa ce. Daga nan ƙaramin jirgin Bauchi yake tashi zuwa ƙasar kuza ta Jos, har aka rufe shi a 1957. Daga nan kuma aka ja layi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Wanda ya kafa sikeli a bakin wannan tasha ya tare hanyar auduga, gyaɗa da fata ta ƙasashe da dama. Manomi ko ɗan baranda ya kawo kaya a jaki, a ɗora a sikeli, akawu ya rubuta, a biya shi da sulalla, ya juya ta ɗaya ƙofar ya sayi akoko, alawayyo, gishiri, kananzir da kwanon sha. Kuɗin da ya fita ta taga ɗaya ta ɗaya tagar yake komawa.

To, su ne suka koya mana ciniki? A nan ne nake so mai tambaya ya dubi labarin auduga, domin a ƙasar Zazzau aka buga wasan.

Ba don gyaɗa aka shimfiɗa dogon nan ba. Masu masaƙun Lancashire sun gaji da dogaro da audugar Amurka, sai suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, BCGA, a Manchester a 1902. Rahotanni suka riƙa zuwa musu cewa Arewacin Nijeriya ƙasar auduga ce, abin da ya rage kawai hanyar fitar da ita. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka tsaya wa aikin dogon, aka amince da shi a 1907, aka kuma naɗa injiniyan jirgin ƙasa, Percy Girouard, ya shugabanci Arewa. Jirgi na isowa BCGA ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ta sa farashi wajen kwabo guda a kan laba, ta zauna jiran kaya.

Kaya ba su zo yadda aka zata ba. Auduga tana nan, ana nomanta, amma tana da masu ita tun kafin a haifi Paterson. Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kaso mai yawa na audugar da ke ciyar da waɗannan masaƙa daga gonakin Zazzau da kudancin Katsina take fitowa. Fatake su zo da jakuna har bakin gona, su taya sama da abin da Bature ke bayarwa, su kai wa mata masu kaɗi. Zare ya tafi wurin masaƙa, ƙyalle ya tafi marina, a buga shi ya yi ƙyalli, a kai wa Buzaye da Barebari. Kowane mataki akwai mai cin abinci a ciki, shi ya sa kasuwar gida take iya biyan abin da Lancashire ba za ta iya ba bayan ta cire kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa.

Bayanin da jami'an mulkin mallaka suka fi so shi ne wai manomin Arewa mai riƙon al'ada ne, ba ya son sabon abu, sai hakimai sun matsa masa. Wannan bayani bai jure bincike ba. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru ta buga littafinsa kan fitar da gyaɗa a 1978, ya nuna cewa manomin lissafi ya yi. A daidai shekarun da ya ƙi kai auduga injin Zariya, shi ne ya rungumi gyaɗa da hannu biyu. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta zuba buhuna. Mai ƙin sabon abu ba ya yin haka cikin damina ɗaya. Gyaɗa ta fi kawo kuɗi, tana zama a gona ɗaya da gero da dawa, tana gyara ƙasa, kuma in farashi ya faɗi ana iya cinye ta ko mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli. Auduga in ta ƙi sayuwa ba mai dafa ta.

Waɗanda suka isar da labarin farashi ƙauye-ƙauye kuwa ba Turawan kanti ba ne. Bature na zaune bakin tasha, bai san hanyar Bebeji ko Kudan ba. Tsofaffin fataken goro ne, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji hanyar Gwanja, suka karɓi kuɗin kamfani suka rarraba wa yaransu, suka ba manoma bashi tun kafin shuka. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sai kuma wanda ya sha gabansu duka, Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877. Shi tun kafin gyaɗa ya riga ya gano cewa goro ya fi saurin isowa in aka ɗauko shi ta jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas (Ghana ta yau) zuwa Legas maimakon a bi ayari wata da watanni. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Labarin da ya shahara shi ne a 1929 raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya a reshen Bankin BBWA na Kano. Mutumin da ya yi wannan ba ɗalibin kowa ba ne a ciniki.

Saboda haka ina tare da ɓangare na biyu na masu gardamar, amma da gyara. Auduga dai daga baya Turawa sun same ta. An kawo irin Allen daga Amurka aka gwada a gonar Maigana, aka riƙa raba angurya kyauta ta hannun hakimai da dagatai, aka kafa fuloti inda doka ta ce a nan ne za a sayar, tashar binciken noma da aka buɗe a Samaru a 1922 ta ci gaba da inganta iri. Wato abin da farashi ya kasa, doka da hukuma suka yi. Haka abin yake a sauran fannoni. Manyan kamfanoni na da bankin da ke ba su rance, suna da rangwame a jiragen Elder Dempster, suna kuma da ƙungiyarsu ta AWAM, wadda PZ ke ciki, inda sukan daidaita farashin da za su saya don kada su yi wa juna tsada. Da Saul Raccah, wani ɗan kasuwa daga Tarabulus mazaunin Kano, ya fara taya gyaɗa sama da nasu a shekarun 1930, ya girgiza su sosai. Yaƙin Duniya na Biyu na zuwa gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba kaso bisa yawan abin da kowa ya saba fitarwa a baya, tsarin da ya fi yi wa tsofaffin kamfanoni daɗi. A Gwalkwas fushin jama'a kan AWAM ne ya haifar da ƙaurace wa kantunan Turawa a farkon 1948, abin da ya ƙare da tarzomar Ankara (Accra).

Gyaran da nake nufi shi ne wannan: gatan da PZ ta samu, sauran ma sun samu, wasu ma fiye da ita. Kamfanin UAC da aka kafa a 1929 ya ninka ta girma nesa ba kusa ba. Amma kamfanoni nawa ne na bakin tasha suka shuɗe ba a ko tuna sunansu? Abin da ya raba PZ da su abu biyu ne da suka cancanci ɗan kasuwar Sabon Gari ya yi nazari a kansu.

Na farko, gado bai wargaza ta ba. Da George Zochonis ya rasu a 1929, ragama ta koma hannun ɗan ɗan'uwansa Constantine, daga shi sai wani ɗan'uwan, Alexander Loupos, sannan John Zochonis a 1970. Dukiyar na cikin rajistar kamfani, magada na da hannun jari, amma sito da sikeli da amanar abokan ciniki ba a yanka su gida-gida ba. Mu kuwa mun sha ganin attajirin da motocinsa suka cika gari, ana yin sadakar arba'in a raba motocin, bayan shekara biyar babu ko ɗaya a kan hanya. Rabon gado umarnin Allah ne, ba mai jayayya da shi, kuma bai hana magada su karɓi rabonsu a matsayin hannun jari su bar sana'a ta ci gaba da numfashi ba. Ɗantata ya fahimci haka. Kafin rasuwarsa a watan Agustan 1955 ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su bari kamfanin ya tarwatse. Sanusi da Aminu suka ɗora, kuma ta tsatson Sanusi ne aka sami Aliko Ɗangote.

Na biyu, ta bar sana'ar da ta yi mata suna tun kafin sana'ar ta bar ta. Bayan yaƙi, hukumomin sayen amfanin gona suka karɓe cinikin gyaɗa da auduga, kamfanoni suka koma ejan-ejan masu lasisi suna cin la'ada. 'Yancin kai na tafe, kuma a fili yake cewa sabuwar gwamnati za ta fifita 'yan ƙasa a saye da sayarwa. A 1948 PZ ta shiga harkar masana'antar sabulu a Aba, wato maimakon ta tura manja Ingila a dawo mata da sabulu, sai ta dafa shi a inda manjan yake. A 1953 ta shiga kasuwar hannun jari ta Landan. Da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972 zamanin Janar Gowon, aka kuma tsaurara ta a 1977, ciniki irin na kanti ya zama na 'yan Nijeriya, amma PZ ta riga ta zama mai masana'anta. Ta sayar wa 'yan ƙasa hannun jari ta zauna. A 1973 ta fara garin sabulu da firji, a 1975 ta sayi kamfanin Cussons na Ingila mai sabulun Imperial Leather, a 2002 ta koma PZ Cussons. Robb da ake shafa wa yaro a ƙirji lokacin hunturu, sabulun Premier da Joy da Canoe, firjin Thermocool, duk daga wannan juyi suka fito.

Ɓangaren da ya fi yi mini ciwo shi ne namu. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, audugar Zazzau ta sami kasuwa a gida, aka yi shekaru ana cin moriya. Cutar gyaɗa da farin shekarun 1970 suka kwashe dalar Kano, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ba tare da an tanadi abin da zai tsaya wa manomi kan iri da farashi ba, sannan masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jikokin manoman da suka gagari BCGA yau masara da waken suya suka fi shukawa.

Shi ma kamfanin bai tsira daga zamani ba. Faɗuwar darajar naira a 2023 ta jawo masa asara mai yawa. Uwar kamfanin da ke Manchester ta nemi saye hannun jarin ƙananan masu jari na Nijeriya, ta fara taya naira 21 kan kowane hannu ta ƙara zuwa 23, amma a Maris ɗin 2024 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙi amincewa. A shekarar ce kamfanin ya sanar da cewa yana sake duba makomar harkokinsa a Afirka, a 2025 kuma ya amince ya sayar wa abokin haɗin gwiwarsa Wilmar rabinsa na kamfanin man girkin da ke yin Mamador da Devon King's.