Jami'ar Ibadan da Unguwar Sabo: Tarihin Binciken da Aka Yi a Ƙofar Gidanmu



Daga shataletalen Mokola zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Da yawanmu mun wuce ta gaban ƙofar nan sau ba adadi, amma kaɗan ne suka san cewa wani yanki na ilimin da jami'ar ta yi suna da shi a duniya daga wurinmu aka ɗebo shi. An yi nazarin unguwarmu da cinikinmu, an ɗebi jinin shanun da muka kawo, an ɗauki hoton littattafan malaman ƙasarmu. Ga tarihin yadda abin ya kasance, da abin da ya rage a kanmu.

Wa ya riga wani zuwa

Hausawa sun daɗe suna zuwa Badun, kamar yadda dattawa ke kiran garin, tun zamanin fatauci da ƙafa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, bayan kimanin shekara goma kuma layin dogo ya kai Kano. Daga nan cinikin goro da na shanu ya bunƙasa, baƙi suka yawaita. A 1916 aka ware wa Hausawa fili aka kafa Sabo, da sarkinta.

Jami'a ta zo bayan shekara 32. An buɗe ta a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, a tsohon asibitin soja da ke Eleyele, a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan. Baturen da ya fara shugabantarta, Kenneth Mellanby, masanin ƙwari ne. A 1952 ta koma mazauninta na yanzu, filin da sarakunan Ibadan suka bayar. An buɗe asibitin koyarwa na UCH a watan Nuwamban 1957, a 1962 kuma kwalejin ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta ƙarƙashin Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya riƙe ta.

Likitoci da shanunmu

A shekarun 1960 akwai ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na bairos a jami'ar, wanda gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta tallafa wa. Ma'aikatansa suna fita kasuwannin dabbobi da mayanka, suna ɗibar jinin shanu da awaki, suna cire kaska daga jikinsu, suna kama ƙananan ƙwari masu cizo da dare. Dalilinsu a fili yake. Shanun da ke shigowa Ibadan sun ratso ɗaruruwan kilomita daga Arewa da ƙasashen maƙwabta, saboda haka duk cutar da ke yawo a dajin da suka biyo ana iya samun alamarta a jikinsu.

Ta wannan hanya aka gano ƙwayoyin cutar da duniya ba ta san da su ba. A 1964 aka samu wata a jikin kaskar shanu, aka sa mata suna Dugbe. Tsakanin 1964 da 1969 aka samu wasu sababbi, cikinsu har da masu suna Sango da Sabo da Shuni. A 1968 aka gano wata a jikin jaɓa aka kira ta Mokola, ita kuwa dangin ƙwayar da ke kawo haukan kare ce. Har yau ɗalibin likitan dabbobi a Turai ko Afirka ta Kudu yana haddace waɗannan sunaye, ba tare da ya san cewa yawancinsu wuraren da muke hawa mota kullum ba ne.

Wanda irin wannan bincike ya fi shafa shi ne mai kusantar dabba: ɗan kara da ke kama ƙaho, da mahauci, da yaron da ke wanke tumbi. Amma da wuya a samu dattijo a kara da zai ce an taɓa dawowa an yi masa bayanin abin da aka gani a jinin shanunsa. Sakamakon ya tafi mujallun Turanci, masu shanu suka ci gaba da harkarsu.

Wani binciken kuma ya shafi abincin da muka koya a nan. Benjamin Osuntokun, likitan jijiyoyi a UCH, ya yi nazarin wata cuta da ke sa mutane tangaɗi in suna tafiya, ta rage musu ji da gani, wadda ta yi yawa a yankin Ijebu. A ƙarshen shekarun 1960 ya nuna alaƙarta da gubar da ke cikin rogo, in ba a jiƙa shi an sarrafa shi yadda ya kamata ba, mutum kuma ya dogara da shi shekara da shekaru ba ya samun nama ko wake. Duk mai sayen garin rogo buhu-buhu yana kai wa Arewa ya kamata ya san wannan.

Takardun malamai

A fannin tarihi Turawa da yawa na wancan zamani suna cewa Afirka ba ta da tarihi saboda ba ta da rubutu. Dike da abokan aikinsa suka tashi rusa wannan magana. Shi ya yi tsaye har aka kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan a 1954, ginin yana cikin harabar jami'a har yanzu. Babbar hujjar da suka samu kuwa ita ce rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman ƙasar Hausa da Borno.

Tun a shekarun 1950 ɗakin karatun jami'ar ya fara tara irin waɗannan littattafai yana jera sunayensu. Wani malamin tarihi, H. F. C. Smith, ya dage cewa ba za a fahimci jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga rahoton jami'an mulkin mallaka ba, sai an karanta abin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka rubuta da hannunsu. Shi ne wanda daga baya ya koma Zariya, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Ɗalibinsa Murray Last ya je ya zauna a Sakkwato yana karatu a gaban Waziri Junaidu, ya sami digirin dakta a Ibadan, littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. John Hunwick kuma ya kafa cibiyar tattara rubutun Larabci a jami'ar. Tsarinsu mai sauƙi ne: a aro littafi wajen mai shi, a ɗauki hotonsa a ƙaramin fim, a mayar masa da kayansa.

Abin lura a nan shi ne, masu binciken sun yi tafiya har Sakkwato da Kano da Maiduguri neman takardu, alhali a zaurukan Sabo ma akwai malamai da gafakarsu cike da littattafai da wasiƙu da lissafin bashin goro a ajami. Nawa ne daga cikin waɗannan suka tsira daga gara da ruwan sama da rabon gado?

Baƙon da ya ƙirga mu

Binciken da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne na Abner Cohen, masanin zamantakewar al'umma, wanda ya yi aiki a Sabo daga 1962 zuwa 1963. Ya bi gida-gida ya ƙirga mutane, ya samu sun ɗan haura dubu huɗu. Littafinsa, Custom and Politics in Urban Africa, ya fito a 1969, kuma ya zama ɗaya daga cikin littattafan da ake koyarwa a jami'o'in duniya kan yadda baƙi ke zama a birane.

Tambayar da ya yi ita ce: ta yaya mutanen da ba sa hulɗa da banki, ba sa rubuta yarjejeniya gaban lauya, suke riƙe da ciniki mai nisa haka? Amsarsa tana kan maigida. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida ya tsaya lamuni, in mahauci ya ƙi biya shi zai cika daga aljihunsa, mahaucin kuma ba zai sake samun bashi a kara ba. A ɓangaren goro ma haka, wakilai su sayo daga manoma, a ɗaura huhu a tura Arewa. Jarin da ke riƙe da wannan duka shi ne amana, amana kuma tana buƙatar unguwar da kowa ya san kowa, da shugaban da zai tsawata.

Har nan dattawanmu ba za su yi musu ba. Inda za a yi jayayya shi ne fassarar da ya yi wa addini. Ya ce da ikon Sarkin Sabo ya fara rauni a farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo, sai mutanen unguwar suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu a 1952, kuma hakan ya sake ɗaure su wuri guda ya kare cinikinsu. Muƙaddamin da ya rayu a lokacin zai ce ya karɓi ɗariƙa ne don neman yardar Allah, maganar shanu ba ta zo masa a rai ba. Cohen ya kuma yi rubutu mai tsawo kan aure da saki da zaman mata a unguwar, da idon baƙo. Ko ya yi daidai ko ya kauce, duniya tasa ta karanta, domin mu ba mu ajiye tamu a rubuce kusa da ita ba. Aikin da ya fi kusa da cike giɓin shi ne na Mahdi Adamu, wanda littafinsa na 1978 ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, sai dai shi faɗi ya ɗauka, bai tsaya kan unguwa ɗaya ba.

Masu gini da masu tsara gari

A farkon zamani ba a koyar da aikin injiniya a Ibadan. Zariya aka ba wannan, tare da zanen gine-gine da zane-zanen fasaha, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai a shekarun 1970 Ibadan ta buɗe nata sashen. Amma gine-ginen jami'ar na farko kansu darasi ne. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana su, sun yi bango mai ƙofofin iska da baranda mai inuwa, yadda ɗaki zai yi sanyi ba tare da na'ura ba. Mai shakka ya je ya dubi ɗakin karatu na Kenneth Dike. Magina a Kano da Zariya sun daɗe da sanin irin wannan dabara da ƙasa da azara.

A fannin tsara birane, sunan da ya fi fice shi ne Akin Mabogunje, masanin labarin ƙasa. Yana cikin waɗanda suka shirya wani littafi kan birnin Ibadan a 1967, wanda Cohen ya rubuta babin Hausawa a cikinsa, a 1968 kuma ya fitar da nasa kan bunƙasar birane a Najeriya. Daga baya ya jagoranci nazarin filin da aka gina Abuja. Masana irinsa sun daɗe suna nuna yadda garin ke faɗaɗa ba tsari. Ambaliyar Ogunpa ta watan Agustan 1980, da wadda ta sake aukuwa a Agustan 2011, sun tabbatar da abin da gini a kan hanyar ruwa da toshe magudana da shara ke jawowa.

Tsarin gari ya taɓa mu fiye da kowane fanni. Kara ta tashi daga Sango, wanda dattawa ke cewa daga kalmar zango ya samo suna, ta koma Bodija bayan an buɗe kasuwar a 1987, daga baya kuma ta koma Akinyele. Bayan rikicin Shasha na Fabrairun 2021 wasu 'yan kasuwarmu sun sake yin ƙaura. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da sabon jirgin ƙasa na Legas da ke tsayawa a Moniya, kusa da inda harkarmu ta tattara yanzu. Irin waɗannan shawarwari a kan taswira da rahoto da alƙaluma ake yanke su. Al'ummar da ba ta da mai karanta taswira a teburin, sai dai ta ji sanarwa.

Abin da ya rage a kanmu

'Yan Arewa sun yi karatu a Ibadan tun da wuri. Adamu Ciroma ya gama digirin tarihi a 1961, Jibril Aminu ya gama likitanci a 1965. Sai dai su daga makarantun Arewa suka taho. Yaron da aka haifa a Sabo, wanda ke iya zuwa jami'ar da ƙafa, galibi kasuwa ya nufa, domin a lokacin iyayenmu suna ganin allo da ciniki sun wadatar. Ba za mu zarge su ba, da wannan suka gina unguwar suka ciyar da mu. Alhamdu lillahi yanzu akwai 'ya'yanmu maza da mata da suka yi digiri, amma har yau ba su kai yadda ake buƙata ba.

Akwai abin da za mu iya farawa ba tare da jiran gwamnati ba. Duk gidan da ke da tsofaffin littattafai ko wasiƙun ajami ko takardun fili, a fito da su a ɗauki hotonsu ko da da waya ne, a rubuta sunan mai su. Matasa su zauna da dattawan da suka ga zamanin da Cohen ya ƙirga mutane, su naɗi muryarsu tun suna raye, domin kowace shekara muna rasa wasu. Ɗalibanmu da ke neman abin da za su rubuta a aikin kammala digiri su dubi gida: lafiyar masu aiki a mayanka, magudanun ruwan Sabo, tarihin gidajen masu saukar da baƙi, yadda Hausar yaranmu ke cakuɗa da Yarabanci. In kuma wani mai bincike ya zo daga waje, a karɓe shi da mutunci kamar yadda muka saba, amma shugabanni su nemi ya dawo ya faɗa mana abin da ya samu, ya bar mana kwafi.

Wanda ke da tsohuwar takarda ko hoto da yake son a adana, ya tuntuɓi shugabannin ƙungiya. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.