Yakuwa da Yunwar El-Buhari

Tarihinmu na yau a tukunyar miya yake.

A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, har da ta Jibiya, inda hatsi ke bi zuwa Maraɗi. Sai kuma damina ta zo da fari. Mutanen Nijar suka raɗa wa wannan yunwa suna El-Buhari.

To, a irin wannan shekara me ke rufa wa gida asiri? Ganye, musamman yakuwa. Ba ta raina jigawa, a gefen gona ma fita take. A busar da ita a ajiye, a zuba a fate, tsaki kaɗan ya ishi yara. Furenta zoɓo, 'ya'yanta daddawar batso.

An sake rufe iyakar Jibiya a 2019 da 2023. Duk lokacin da hatsi ya tsaya a boda, ita talaka ke komawa.