Yadda ake gano matsalar wuta a agogunan tsofaffin motoci

A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na kudancin jihar Kano, kamar sauran yankunan karkara na arewacin Najeriya, tsohuwar mota jari ce. Da ita ake ɗaukar hatsi zuwa kasuwa, da ita ake kai marar lafiya asibiti cikin dare.

Sai dai a irin waɗannan motoci abin da ya fi saurin mutuwa, kuma aka fi yin watsi da shi, shi ne agoguna da fitilun gargaɗi da ke gaban direba. Direban da allurar zafin injinsa ta daina motsi ba ya sanin ruwa ya ƙare a lagireto sai ya ga tururi, a lokacin kuwa mai yiwuwa injin ya riga ya ƙone.

Motar da aka fi sani

Babu motar da ta yi suna a wannan yanki kamar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta kuma zama gwarzuwar motocin Turai a 1969. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera ƙaramar motar a Faransa.

Irin wannan mota ba ta da kwamfutar da ke bayyana inda cuta take, saɓanin motocin zamani, waɗanda tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa masu mahaɗar da ake jona na'urar bincike. A tsohuwar mota, mai wayarin ya dogara ne da ƙwan gwaji, da mitar auna wuta, da kuma bin abu daki-daki.

Yadda agogon ke aiki

Kowane agogo na lantarki yana buƙatar abubuwa uku. Na farko wutar da ke zuwa daga batir ta bi ta makulli da fis. Na biyu na'urar da ke aiko da saƙo daga injin ko daga tanki. Na uku hanyar da wutar ke bi ta koma batir, wato ƙarfen jikin motar kansa.

Saboda haka tambayar farko ita ce: agogo ɗaya ne ya tsaya ko duka? Idan duka ne, laifin yana kan abin da suka yi tarayya a kai, wato fis, ko makulli, ko wayar da ke ɗaure da jikin mota. Idan ɗaya ne, sai a bi wayarsa da na'urarsa.

A fara da batir

Lafiyayyen batir yana nuna kimanin bolt 12.6 idan injin na kashe. Idan an tayar, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji. Wutar da ta gaza haka ko ta zarce na iya sa wasu allurai su yi ƙarya.

Daga nan sai fis. Sau da yawa bai ƙone ba, tsatsa ce ta hana shi kama mazauninsa. Idan kuwa an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayar da ta feƙe tana taɓa ƙarfe. Ɗaura zaren waya a madadin fis, kamar yadda wasu ke yi, shi ne ke mai da ƙaramar matsala gobara.

Idan allurai na motsi a duk lokacin da aka kunna fitila ko sigina, wannan alama ce ta cewa wayar jikin mota ta saki ko ta yi tsatsa. A kwance ta, a goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam.

Agogon zafi da na fetur

Na'urar zafi tana ɗaure ne a kan injin, kuma tana ƙara barin wuta ta wuce yayin da ruwa ke ƙara zafi. A yawancin tsofaffin motoci, idan aka zare wayarta aka taɓa ta da jikin injin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, makulli na buɗe, allura za ta haura sama. Idan ta haura, agogo da waya lafiya suke, na'urar ce ta mutu. Kada a daɗe ana taɓawa, domin agogon na iya ƙonewa.

A cikin tanki kuwa akwai wani ɗan abu mai yawo a saman fetur, wanda ke hawa da sauka tare da shi. Idan ya huje ya nutse, allura za ta riƙa nuna babu mai ko da an cika tanki. Ba a gwada wannan na'ura kusa da bakin tanki a buɗe, domin tartsatsi ɗaya ya isa.

Wasu motocin Ingila, kamar tsohuwar Land Rover, suna da ɗan akwati a bayan agoguna da ke daidaita wuta a kan kimanin bolt 10. Idan ya lalace, allurar zafi da ta fetur kan yi kuskure tare.

Jajayen fitilu biyu

Fitilar baƙin mai da ta caji dole su kama idan an murɗa makulli, su mutu da zarar injin ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan, mai yiwuwa ƙwanta ne ya ƙone. A motoci da dama, ta wannan ƙwan ne altaneta ke samun wutar farko, don haka mutuwarsa na iya hana caji.

Idan fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe injin, a duba mai tukuna kafin a zargi waya. Cire ƙwan don ya daina damun direba ba gyara ba ne.

Agogon gudu shi kaɗai ne ba ruwansa da lantarki a irin waɗannan motoci. Wata igiyar ƙarfe ce daga giya ke juya shi, kuma idan allura na rawa ko ta tsaya, galibi igiyar ce ta bushe ko ta tsinke.

Ƙura, damina da ɓeraye

Ƙurar hunturu na shiga mahaɗun wayoyi, laimar damina ta mai da ita tsatsa, girgizar hanyoyin ƙauye kuma ta sassauta abin da ya rage. Motar da ke kwana da buhunan dawa ko masara na jawo ɓeraye, su kuwa ba sa barin robar waya.

Kafin kowane aiki a bayan agoguna, a cire kan batir mai alamar ragi, a kuma yi wa kowace waya alama kafin a zare ta. Wanda zai je Kano neman kayan gyara, a kasuwar Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ya tafi da tsohuwar na'urar a hannu, domin wadda ba ta dace da agogon ba za ta motsa allura, amma abin da za ta nuna ba gaskiya ba ne.