Tarihin Badujalar Makarantun Sakandare a Amurka

Badujalar makaranta, wato ƙungiyar ɗalibai masu busa da kiɗa suna tafiya sahu-sahu cikin kaya iri ɗaya, tana daga cikin al'adun da suka yi kaka-gida a makarantun sakandare na Amurka, ta yadda a garuruwa da dama ba a buga wasan ƙwallon makaranta na daren Juma'a sai da ita. Tushenta na soja ne, daidai da badujalar soja da ta 'yan sanda da aka sani a ƙasar Hausa tun zamanin Turawa. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 rundunoni da yawa suna da makaɗansu, waɗanda bayan an ajiye makamai suka koma gida suka ƙarfafa badujalar gari, sannan shaharar John Philip Sousa, wanda ya jagoranci badujalar sojojin kundumbalar ruwa daga 1880 zuwa 1892, ta sa kiɗan maci ya shiga kowane lungu na ƙasar.

Shigar wannan kiɗa cikin makarantu ba ta rasa nasaba da kasuwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, garmaho da rediyo da silima sun janye hankalin jama'a daga badujalar gari, kamfanonin ƙera kayan busa, waɗanda da yawansu suke a garin Elkhart na jihar Indiana, suka ga ciniki yana ja da baya, a daidai lokacin da makaɗan soja da aka sallama suke neman abin yi. Kamfanonin ne suka ɗauki nauyin gasar badujalar makarantu ta ƙasa da aka yi a Chicago a 1923, wadda makarantar Fostoria ta jihar Ohio ta lashe, daga nan kuma makarantar Joliet ta jihar Illinois, a ƙarƙashin malaminta A. R. McAllister, ta ci kambun ƙasa sau uku a jere, daga 1926 zuwa 1928. Gaskiya ne neman riba ne ya buɗe ƙofar, amma wannan bai rage darajar abin da ya biyo baya ba, domin a gari irin Joliet mai masana'antun ƙarfe, ɗan lebura ya sami ƙaho da malami a makarantar gwamnati, abin da a da sai mai hali yake iya yi wa ɗansa.

Jami'o'i ne suka fara mayar da fareti daga kan titi zuwa filin wasa. A 1907 badujalar Jami'ar Purdue ta bar sahun soja ta tsaya cikin siffar harafin farko na sunan jami'ar, sannu a hankali kuma hutun rabin lokaci na wasan ƙwallon Amurka ya zama lokacin da makaɗa suke zana haruffa da siffofi da jikinsu, makarantun sakandare suka bi sahu. Kafa ƙungiyar Drum Corps International a 1972, da gasar ƙasa ta Bands of America da aka fara a 1976, sun ƙara tsananta ƙa'idojin wasan badujala.

A wurin atisaye ne ake ganin abin da badujala take nufi ga ɗalibi. Ana fara atisaye tun cikin dogon hutu, a watan Yuli ko Agusta, galibi a kan kwaltar wurin ajiye motoci da aka shata wa layuka irin na filin wasa, rana tana dukan ƙeya. Yaro ɗan shekara 14 da bai taɓa shiga ajin sakandare ba yana koyon yin taku takwas a cikin yadi biyar, kowane taku inci 22 da rabi, yana ɗora dunduniya kafin yatsu don kada girgizar tafiya ta karya masa sautin busa, yana kuma haddace gurabe da dama da zai tsaya a kansu cikin ƙidaya. Kafin ranar buɗe makaranta ya riga ya san na gaba da shi, yana da shugaban sashe, wanda shi ma ɗalibi ne, mai duba takunsa da tsayuwarsa. Babban bambancin badujala da ƙungiyar ƙwallo shi ne a yawancin makarantu ba a ajiye kowa a benci, don haka idan mutum ɗaya bai zo ba sai a ga giɓinsa a sahu tun daga saman dandamalin 'yan kallo. Yaron da ba ya fice a gudu ko a jarrabawa, a nan yake fara sanin cewa akwai wurin da ake neman sa idan ya yi fashi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga matashi.

A makarantun baƙar fata na kudancin ƙasar al'adar ta ɗauki nauyi na daban. William P. Foster, wanda ya karɓi badujalar Jami'ar Florida A&M a 1946, ya shahara da salon ɗaga gwiwa sama da haɗa maci da rawa da waƙoƙin zamani, salon ya bazu zuwa makarantun sakandare ta hannun malaman da irin waɗannan jami'o'i suka yaye. A New Orleans, badujalar makarantar St. Augustine, a ƙarƙashin Edwin Hampton, ta shiga faretin Rex na bikin Mardi Gras a 1967, faretin da kafin nan ba a ba makaɗan makarantun baƙar fata damar shiga ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005 ta tarwatsa birnin, ɗaliban wannan makaranta da na St. Mary's da Xavier Prep suka haɗu cikin badujala guda suka fito bikin Mardi Gras na 2006, alhali da yawansu ba su da gidan komawa.

Al'adar tana da nata tabon. Azabtar da 'yan badujala da sunan gwajin juriya ta yi sanadin mutuwar wani jagoran fareti na Jami'ar Florida A&M a 2011, lamarin da ya sa aka dakatar da badujalar na tsawon lokaci. Akwai kuma batun kuɗi, domin kayan busa da tufafi da hayar motocin zuwa gasa suna da tsada, a wurare da yawa kuma iyaye ne suke haɗa su ta hanyar karo-karo da sayar da abinci a bakin fili, saboda haka makarantun unguwannin talakawa suke komawa baya. Ganin yadda aka rasa darussan kiɗa a makarantun New Orleans bayan Katrina ne ya sa makaɗi Derrick Tabb ya shiga cikin waɗanda suka kafa shirin Roots of Music a 2007, wanda yake koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 14 busa da maci kyauta, tare da abinci da motar kai su gida, domin su isa sakandare da shirinsu.