Hanyar Likitan Dabbobi Daga Sakandare Take Farawa

Kai mai garke, da ke 'yar kasuwa a Nima ko Mamobi, ku ji wannan. Da can, yaron zango mai son zama likitan dabbobi sai ya bar Gana, don makarantar Pong-Tamale ma'aikatan lafiyar dabbobi take horarwa, ba cikakkun likitoci ba. Najeriya ta riga mu: tun 1924 aka kafa ɗakin binciken Vom don yaƙar bushiya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta fara koyar da likitancin a shekarun 1960. Sai a 2009 Legon da KNUST ta Kumasi suka kafa nasu, karatun shekara 6.

To, ga inda ake tuntuɓe. A Amurka ɗalibi kan zaɓi fanni a jami'a tukuna, kafin ya nemi makarantar likitan dabbobi. Mu nan da sakamakon WASSCE ake shiga kai tsaye. Ke nan zaɓin yana kan fom ɗin BECE: in yaro bai ɗauki ajin kimiyya ba, ya rasa bayoloji, kemistiri da fiziks, ƙofar ta yi masa nisa. Ɗanku da ke gane saniya mara lafiya daga tafiyarta, ku zauna da malaminsa kafin a cike fom ɗin nan.